Aibin da Ya Zauna a Jikin Silikon: Labarin 6502

Kuskuren alƙalami ana iya kankare shi. Amma wanda aka riga aka zana a jikin ƙwayar silikon ya zauna ke nan, sai fa in an sake zubi. Misalin da zan kawo shi ne 6502, ƙwaƙwalwar na'ura wadda kamfanin MOS Technology na Amurka ya fitar cikin 1975, ƙarƙashin jagorancin Chuck Peddle, a kan dala 25 kacal.

Zubin farko ya fito babu umarnin ROR, wato mai mirgina lambobi zuwa dama. Kamfanin ya yi alkawarin samar da shi bayan Yunin 1976, ya kuwa cika.

Wanda ya daɗe shi ne aibin umarnin JMP, a sa'ad da aka ce na'ura ta tsallaka zuwa adireshin da ke ajiye cikin gidaje biyu na ma'adana, ɗaya na bin ɗaya. Ma'adanar nan shafi-shafi take, kowane shafi gida 256. To, idan gidan farko ya faɗo a ƙarshen shafi, na'urar ba ta ƙetarawa. Sai ta komo farkon shafin nan, ta ɗauko rabin adireshin da ba shi ba, aiki ya ɓace hanya ba tare da wani gargaɗi ba.

A haka aka sanya ta cikin Apple II da Commodore PET a 1977. A ganina, masu rubuta manhaja aka ɗora wa kayan, domin su ne suka riƙa kaffa-kaffa da bakin shafi shekara da shekaru, har Bill Mensch ya kawar da aibin cikin 65C02 a farkon shekarun 1980.