Charles Constantine, ɗan sandan filin zinariyar Yukon

An haifi Charles Constantine a garin Bradford na Ingila, ya zo Kanada tun yana yaro tare da iyayensa. Ya yi aikin soja, ya shugabanci 'yan sandan lardin Manitoba, sannan a 1886 ya shiga rundunar 'yan sandan dawaki ta Arewa maso Yamma da muƙamin sufeto.

A 1894 gwamnati ta tura shi Yukon, yankin da ke iyaka da Alaska ta Amurka. Galibin masu tonon zinariya a can 'yan Amurka ne, ba sa biyan kuɗin kwastan, kuma idan rigima ta tashi taron masu tono ne ke yanke hukunci da rinjayen ƙuri'a. Hukumomin Ottawa sun ji tsoron kada yankin ya suɓuce musu. Constantine ya duba halin da ake ciki, ya karɓi harajin kaya, ya koma ya ba da rahoto.

A 1895 ya dawo da 'yan sanda kusan 20, matarsa ma ta biyo shi. Suka gina bariki da gungumen itace kusa da Forty Mile. Kogin Yukon kan daskare watanni da yawa, jirgin ruwa ba ya zuwa, don haka sai an tanadi abinci da itacen wuta tun kafin sanyi ya kama. Aiki kuwa ya yi masa yawa: shi ne ɗan sanda, shi ne alƙali, shi ne jami'in kwastan, shi ke rajistar filayen tono.

A 1896 taron masu tono ya ƙwace wani fili a Glacier Creek saboda rigimar kuɗin lebura. Constantine ya aika mutanensa suka mayar da filin ga masu shi, daga nan ikon irin waɗannan taruka ya fara gushewa. A watan Agusta na shekarar aka gano zinariya a Klondike. Lokacin da dubban mutane suka kwararo, sun tarar da hukuma ta riga su isa.

Ya bar Yukon a 1898, Sam Steele ya karɓi jagorancin rundunar a can. Constantine ya rasu a 1912 a jihar Kalifoniya ta Amurka.