Daga Wuƙar McBurney Zuwa Kyamarar Semm

A Ikara da Makarfi da Kudan, idan aka ce an yi wa wane "aikin afendis", sai ka ji ana cewa tsakuwar shinkafa ce ta taru masa a ciki. Ba haka ba ne. Wata 'yar jela ce a jikin babban hanji, ƙasan ciki ta dama, da kan toshe ta kumbura, in an yi sakaci ta fashe.

A shekarar 1735 likita Claudius Amyand ya fara cire ta a Landan, a jikin wani yaro ɗan shekara 11. A 1894 Charles McBurney na Amurka ya bayyana yankan nan da har gobe ake yi: a tsaga ƙasan ciki, a raba tsoka, a ɗaure jelar a yanke. Ciwon ba ya jin tsoron sarauta, domin shi ya sa aka ɗage naɗin Sarkin Ingila Edward na Bakwai a 1902.

Sai a 1980 Kurt Semm, likitan mata a birnin Kiel na Jamus, ya zo da sabon salo. Ya huda ciki ƙananan huji, ya hura iska, ya zura madubi mai haske da siraran kayan aiki, ya ciro jelar. Maimakon yabo, sai manyan likitocin tiyata suka yi masa ca, har aka nemi a dakatar da shi. Yau ga shi kyamara ake zurawa, ana kallon hanji a talabijin.

To wanne ya fi? Aikin huda ya fi sauƙin zafi, mikin bai cika ruɓa ba, kuma manomin rake zai fi saurin komawa gona. Amma yana son na'ura mai tsada, wuta tsayayya, ƙwararren hannu, da allurar barci gaba ɗaya. Yankan McBurney kuwa ko da allurar kashe ƙugu ana yin sa, a babban asibitin ƙaramar hukuma.

Ni dai a ganina, a wajenmu gardamar wuƙa da kyamara ta zo daga baya. Mutum ne zai kwana uku yana jiƙo da maganin kemis, ciwon ya taso daga cibiya ya koma dama, ga amai ga zazzaɓi. Kafin a haɗa kuɗin mota zuwa Asibitin Koyarwa na Shika, jelar ta fashe, mugunya ta cika ciki. A irin wannan hali sau da yawa dogon yanka likita zai yi, daga cibiya zuwa mara.