Tarihin Magungunan Tayar da Zuciya, da Aikin da Ya Rage wa Uwargida

Yau tarihi za mu taɓa, wato tarihin magungunan da likitoci ke yi wa mutum idan zuciyarsa ta rikice ta daina harba jini. Ki ɗan ajiye aikin hannunki, uwargida, domin a ƙarshen tarihin nan akwai aikin da ya faɗo kanki.

Da farko, mene ne rikicewar zuciya? Kin dai san lugude: mata uku a turmi ɗaya, kowace taɓarya na sauka a kan lokacinta. Da zarar sun ruɗe, sai taɓare su yi ta karo, hatsi kuwa ba ya dakuwa. To haka zuciya take. Akwai wata 'yar wutar lantarki a cikinta da ke ba kowane sashe lokacin bugawarsa. Idan tsarin ya ɓaci, sai naman zuciyar ya kama karkarwa, ba ya tura jini. Mutum ya yanke jiki ya faɗi, ba ya amsa kira, numfashi ya ɗauke ko ya koma gurnani jefi-jefi. Ƙwaƙwalwa kuwa, in ta yi minti 4 zuwa 6 babu jini, ta fara lalacewa ke nan.

Tarihin maganin zuciya yana da reshe a dajinmu. Maharba da mayaƙan da can sun san kwankwani, tsiron da ake haɗa dafin kibiya da 'ya'yansa, kuma ta hanyar tsayar da zuciya dafin yake kisa. Wajen 1860 wani likita Bature, John Kirk, yana yawo a yankin kogin Zambezi, ya sa 'ya'yan wani ɗan'uwan kwankwani a aljihu ɗaya da magogin haƙoransa. Da ya goge baki sai ya ji ɗaci, ya kuma lura bugun zuciyarsa ya ragu. Daga nan aka yi ta bincike, har a 1885 Thomas Fraser na birnin Edinburgh ya gabatar da maganin ciwon zuciya da aka tace daga wannan dafi. Amma ki kula, tsakanin magani da guba a irin waɗannan tsirrai tazarar ba ta kai gashin kai ba. Ruwan tumfafiya ma yana ɗauke da irin wannan dafi, saboda haka ba abin jiƙawa a sha ba ne.

Maganin da ya fi shahara wajen tayar da zuciya shi ne adirinalin. Jikinki ma yana yin sa, shi ne ke sa gabanki ya yi ta dukan uku-uku in kin tsorata. A 1901 wani masani ɗan Japan, Jokichi Takamine, ya tace shi a Amurka, a 1906 kuma likita George Crile ya nuna yana taimakawa wajen farfaɗo da karnukan da zuciyarsu ta tsaya. Shekaru da dama ana soka doguwar allura ta ƙirji har cikin zuciya, irin wadda kike gani a fim. An bar wannan tuni, domin takan huda huhu. Yanzu ta jijiya ake yi, ko ta cikin ƙashi.

Allura kaɗai ba ta iya tsayar da karkarwar nan, sai da aka haɗa da lantarki. A 1947, a birnin Cleveland na Amurka, zuciyar wani yaro ɗan shekara 14 ta rikice ana gama yi masa aiki. Likita Claude Beck ya sake buɗe ƙirjin, ya yi ta matsa zuciyar da hannunsa kusan minti 45, sannan ya ba ta shokin da wata na'ura. Yaron ya tashi, ya warke. A 1956 Paul Zoll ya nuna ana iya ba da shokin ta kan fata, ba sai an tsaga ƙirji ba.

Babban sauyi ya zo a 1960, a asibitin Johns Hopkins da ke Baltimore. Mutum uku, Kouwenhoven da Jude da Knickerbocker, suka gano cewa idan aka yi ta danna tsakiyar ƙirji da ƙarfi, jini yana zagayawa ya kai ƙwaƙwalwa. Cikin mutum 20 na farko da suka ba da labarinsu, 14 sun rayu. Kin ji fa, an yi kusan shekara sittin da allura kafin a gane amfanin hannu biyu.

Bayan haka aka ƙara magunguna biyu masu kwantar da karkarwar zuciya. Na farko lidoken, wanda aka haɗa a Suwidin a 1943. Kin san shi, shi ne allurar kashe zafi da ake yi kafin a cire haƙori ko a yi ɗinki bayan haihuwa. Na biyu amiyodaron, da aka samo a Beljiyam a farkon shekarun 1960 don ciwon ƙirji. Tsarin da likitoci ke bi a yau shi ne: danna ƙirji ba tsayawa, shokin idan na'ura ta nuna irin rikicewar da ke jin shokin ce, adirinalin miligiram 1 duk bayan minti 3 zuwa 5, sannan amiyodaron miligiram 300 ko lidoken idan an ba da shokin sau uku zuciya ta ƙi daidaita. Wannan aikin asibiti ne, ba na mai kemis ba ne.

To, magungunan nan suna ceton rai kuwa? An auna. A 2016 an fitar da sakamakon bincike a kan mutum fiye da 3,000 a Amurka da Kanada: wasu an ba su amiyodaron, wasu lidoken, wasu ruwan gishiri kawai. A jimlace bambancin waɗanda suka fita asibiti da rai bai taka kara ya karya ba. Inda amfanin maganin ya fito fili shi ne wajen waɗanda suka faɗi a gaban mutane. A 2018 an yi wani a Birtaniya a kan mutum 8,014. Cikin kowane 1,000 da aka yi wa adirinalin, 32 sun kai wata guda da rai, cikin waɗanda ba a yi wa ba kuma 24, amma yawan waɗanda suka tashi da lafiyayyiyar ƙwaƙwalwa kusan ɗaya ne. Danna ƙirji da wuri kuwa yana ninka damar rayuwa sau biyu, wani lokaci har sau uku. Dalili a fili yake: maganin da aka zuba a jijiyar hannu ba zai kai zuciya ba sai jini na tafiya, jini kuwa ba zai tafi ba sai ana dannawa.

Kada ki ce wannan ciwon tsofaffin Turawa ne. A shekarun 1970, a asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, likitoci biyu, Davidson da Parry, sun bi diddigin mata 224 da zuciyarsu ta gaza bayan haihuwa, suka buga rahotonsu a 1978. Ƙasar Zazzau ta shiga sahun wuraren da aka fi sanin wannan ciwo a duniya. A lokacin sun ɗora alhakin a kan yawan kunun kanwa, saboda gishirin da ke cikinta, da wankan jego da kwanciya a gadon wuta. Daga baya binciken Farfesa Kamilu Karaye na Kano da abokan aikinsa ya nuna akwai hannun rama, da ƙarancin wani sinadari mai suna seleniyam, da hawan jinin masu ciki. Zuciyar da ta raunana haka tana iya rikicewa farat ɗaya. Saboda haka maijego mai haki, ko kumburin ƙafa, ko tari in ta kwanta, ko yawan faɗuwar gaba, a kai ta asibiti tun tana tafiya da ƙafarta. Akwai magungunan sha da ke taimaka mata ƙwarai.

Yanzu ga aikinki. Ko da mota na ƙofar gida, kafin a tashi daga Ikara ko Hunkuyi a isa Shika, mintin nan shida sun wuce tuni. Da rana kuma maigida na gonar rake ko kasuwa, ke ce a gida. In wani ya faɗi, ki girgiza kafaɗarsa ki kira sunansa. In yana numfashi daidai, ki kwantar da shi ta gefe, wannan ba a danna shi. In ba ya amsawa kuma ba ya numfashi sosai, ki ɗaga murya a zo, ki tura yaro ya kira mai mota. Ki sauke shi daga katifa zuwa daɓe, ya kwanta rigingine. Ki ɗora tushen tafin hannunki a tsakiyar ƙirji, ɗayan a kansa, ki miƙe gwiwar hannu, ki danna ya lotsa kamar inci biyu, ki saki ya dawo. Sau 100 zuwa 120 a minti, wato kusan biyu a daƙiƙa. Ku riƙa karɓa-karɓa da abokiyar zamanki ko maƙwabciya duk minti biyu, har a cikin mota. In mai tsohon ciki ce, wata ta tura cikin zuwa hagunta da hannu. Kada a ɗura masa ruwa ko jiƙo, kada a sa cokali a baki, kada a tsaya hayaƙi. Ko haƙarƙari ya karye ki ci gaba, ƙashi yana ɗoruwa.

Ba kowa zai dawo ba, ko a babban asibiti, kuma ba laifinki ba ne. Amma ki yi abu biyu tun yau. Ki nemi izinin maigida na dindindin cewa in irin wannan ta faru a fita asibiti ba sai an jira shi ba. Sannan Makarfi ta daɗe tana yaye ma'aikatan lafiya a makarantar da aka sa wa sunan marigayi Sarkin Zazzau Shehu Idris, don haka in kin je awo ko rigakafin yara, ki roƙi ma'aikaciya ta nuna miki yadda ake ɗora hannun, ke kuma ki koya wa matan gidanku.