Yadda Aka Gano Sararin Samaniya Yana Faɗaɗa

A shekarar 1912, a cibiyar nazarin taurari ta Lowell da ke Arizona a Amurka, Vesto Slipher ya saita na'urar hangen nesa kan wani farin tabo a sama mai suna Andromeda. Da ya rarrabe haskensa launi-launi, sai ya ga tabon yana nufo mu da gudun kusan kilomita 300 a daƙiƙa guda. Amma cikin irin waɗannan tabo 25 da ya auna zuwa 1917, mafi yawansu nesa suke ƙara yi, don haskensu ya karkata zuwa ja.

A lokacin ba wanda ya san nisansu. Henrietta Leavitt ta Harvard ce ta samar da ma'auni, da ta gano cewa a wasu taurari masu haske da dusashewa, tsawon zagayen yana nuna ainihin ƙarfin haskensu. Da wannan Edwin Hubble ya tabbatar cewa Andromeda gungun taurari ne mai zaman kansa, can wajen namu. A 1929 ya nuna cewa gwargwadon nisan gungu, gwargwadon saurin ja da bayansa.

To, gudun me suke yi? Wani fada ɗan Beljiyam, Georges Lemaître, ya riga ya ba da amsa tun 1927, cikin wata mujallar Faransanci da ba ta yaɗu sosai ba. Daga lissafin Einstein ya fitar da cewa sararin da ke tsakanin gungu da gungu ne yake miƙewa. Kamar ridi ne a jikin kwaɓin burodi: idan kwaɓin ya kumbura, kowace ƙwayar ridi za ta ga sauran suna nisanta daga gare ta, alhali babu wadda ta motsa. Shi ya sa ba mu ne tsakiya ba. Andromeda kuwa maƙwabciya ce, ƙarfin jan da ke tsakaninta da gungunmu ya rinjayi miƙewar.

An daɗe ba a ba Lemaître haƙƙinsa ba, kuma hakan bai dace ba. Sai a 2018 ƙungiyar masana taurari ta duniya ta ba da shawarar a haɗa sunansa da na Hubble a kan dokar da ta danganta nisan gungu da saurin ja da bayansa.

Masana sun zaci faɗaɗar tana rage gudu. A 1998 tawaga biyu masu nazarin fashewar taurari masu nisa suka gano ƙara sauri take yi, binciken da ya ci kyautar Nobel a 2011.