Kafin Nakiya Ta Tashi: Darasin Nok da Yelwa ga Duwatsun Ƙasar Zuru



Mu da muka taso a Bena da ƙauyukan da ke kewaye da ita, a ƙaramar hukumar Danko/Wasagu ta masarautar Zuru, mun saba ganin garma ta tono tsingaro a gona, ko yaro ya tsinto wani dutse mai santsi da kaifi a baki ɗaya, manya su ce masa gatarin aradu ne. Ba aradu ce ta jefo shi ba. Wani mutum ne ya zauna ya wasa shi da hannunsa, ya sare itace da shi, tun kafin ƙarfe ya wadata a ƙasar nan. Yanzu kuwa zamanin titi da gini ne, kowane titi yana cin tsakuwa, tsakuwa kuma daga dutse take fitowa. Duk ranar da aka auna wani dutse a yankinmu aka ce za a ba kamfani ya fasa, wa ya kamata ya fara hawa kansa, mai nakiya ko mai bincike? Nijeriya ta riga ta gwada hanyoyin biyu, kuma sakamakon yana rubuce.

A 1928 masu haƙar kuza a kusa da ƙauyen Nok, a kudancin jihar Kaduna ta yau, suka ci karo da wani ɗan kai na gasasshen yumɓu a cikin ramin aikinsu. Aka kai shi Jos aka ajiye, ba wanda ya san na su wa ne. Sai a 1943 aka kawo wa wani jami'in mulkin mallaka mai suna Bernard Fagg wani kan, wanda aka haƙo a wajen Jama'a. Wannan kan har ya yi zaman dodon gona: wani ma'aikacin kuza ya kafa shi a gonar doya don korar ɓarna. Fagg ya karanci ilimin tono kayan tarihi a Cambridge, da ya haɗa kawunan biyu sai ya ga salon hannu ɗaya ne. Ya bi ramukan kuza yana roƙon leburori da masu kamfani su daina jefar da irin waɗannan abubuwa. Abin da aka tara ta wannan hanya yana cikin tushen gidan tarihin Jos da aka buɗe a 1952.

Labarin yana da daɗi, amma akwai asara a cikinsa wadda ba a cika faɗa ba. Kuzar ana wanke ta ne daga yashi da tsakuwar tsofaffin rafuka, kayan yumɓun ma ruwa ne ya kwaso su daga inda masu su suka bar su. Ga kai a hannu, amma babu murhu, babu ɗaki, babu tukunyar da aka dafa abinci a gefensa. Wajen masu wannan ilimi, wurin da aka samu abu da zurfinsa da abin da ke kwance kusa da shi su ne shaida. Ɗan gawayin da ke maƙale a ƙasa ɗaya da tukunya shi ake kai wa ɗakin gwaji a auna sinadarin kabon-14 da ya rage a cikinsa, wanda rabinsa ke ƙarewa duk bayan shekara 5,730, daga nan a san shekarun tukunyar. Idan katafila ta cakuɗa ƙasar, gawayin jiya da na shekara dubu biyu sun zama ɗaya, magana ta ƙare. Shi ya sa sai da Fagg ya yi tono na tsanaki a Taruga, kusa da Abuja, a shekarun 1960, aka samu matoyan narka tama a mazauninsu, aka tabbatar mutanen nan suna narka ƙarfe ƙarnuka kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Sai kuma daga 2005, da Peter Breunig da Nicole Rupp na jami'ar Frankfurt ta Jamus suka fara dogon bincike, aka gano al'ummar ta faro tun wajen shekara 1,500 kafin haihuwar Annabi Isa, kuma gero da wake suke ci kamar mu. A ƙirga: daga 1928 zuwa 2005 shekara 77 ke nan. Da suka iso ma, sun tarar masu tonon sata sun riga su zuwa wurare da dama.

Hanya ta biyu a jiharmu ta Kebbi aka bi ta. Tsakanin 1964 da 1968 aka gina madatsar ruwa ta Kainji a kan kogin Kwara. An san ruwa zai haɗiye tsohuwar Bussa da ƙauyuka masu yawa har zuwa ƙasar Yawuri, an kuma tashi dubban mutane. Wannan karon masu bincike sun riga ruwa zuwa. Suka zagaya kwarin suna rubuta kufai da tuddai, suka zaɓi wasu suka tona. A wani tudu kusa da Yelwa, A. J. Priddy ya samu tukwane da ƙananan mutum-mutumi na yumɓu, gwaji ya nuna an zauna a wurin daga wajen ƙarni na 2 zuwa na 7 bayan haihuwar Annabi Isa. Aikin gaggawa ne, abin da ruwa ya binne ya fi abin da aka ceto. Amma ɗan abin da aka ceto yana magana, domin an rubuta inda aka same shi. Kuma ba a fasa gina madatsar ba. Wannan muke so masu cewa bincike yana hana ci gaba su duba.

Akwai kuma inda ba a bi ko ɗaya ba. A shekarun 1990 wasu mutum-mutumi na yumɓu suka cika kasuwannin Turai da sunan "na Sakkwato" da "na Katsina". Tonon sata ne ya fitar da su, Kwatarkwashi ta jihar Zamfara, maƙwabciyarmu, tana cikin wuraren da aka yi wa wannan ta'asa. A 2000 majalisar gidajen tarihi ta duniya, ICOM, ta sa su cikin jerin kayan Afirka da ke cikin haɗari. A shekarar ce aka baje na Nok biyu da na Sakkwato ɗaya a gidan tarihin Louvre na Faris, aka yi ta cece-kuce, har a 2002 Faransa ta amince mallakar Nijeriya ne, ta riƙe su a matsayin aro na shekara 25. Sunan Sakkwato da aka laƙaba musu lakabin 'yan kasuwa ne kawai. Garin da ya yi su da sunan mutanensa sun tafi tare da ƙasar da aka watsar.

Fasa dutse ya fi haƙar kuza muni ta fuska ɗaya: mai wanke kuza yana iya ganin kai ya ɗauka, nakiya ba ta barin abin ɗauka. A Birnin Kudu ta jihar Jigawa, tarihin a jikin dutsen kansa yake, zanen shanu a Dutsen Mesa da Dutsen Habude, da duwatsun kiɗa masu amo idan an buga, waɗanda Fagg ya bayyana a shekarun 1950. Irin wannan ba a ɗauke shi a kai gidan tarihi. Ko a bar dutsen, ko a rasa.

Doka ba ta yi shiru ba. Dokar 1979 mai lamba 77, wadda ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa, ta hana tonon kayan tarihi ba da izini ba, ta kuma wajabta sanar da hukuma idan an ci karo da su. Dokar 1992 mai lamba 86 ta ce a auna illar manyan ayyuka ga muhalli kafin a fara. Shi binciken kansa ba wani abin tsoro ba ne. Ana fara shi da tambayar dattawa da masu unguwa, sannan a taka filin da ƙafa layi-layi ana duba tsingaro, kashin maƙera, dutsen niƙa, ramukan niƙa a kan fa, da alamar ganuwa. Inda alama ta yi yawa a haƙa ƙananan ramukan gwaji, a kankare ƙasa kaɗan-kaɗan, a tankaɗe, a ɗauki hoto. Daga nan a ce wa kamfani ga gefen da za ka fasa, ga wanda za ka kauce wa. Matsalar ita ce takarda ba ta hawa dutse, sai an samu wanda ya san akwai abu a can ya yi magana.

A ƙasar Zuru kuwa akwai abu a can. Kakannin al'ummu da dama na yankin a kan duwatsu suka zauna don tsaro, daga baya aka sauko fili. Lelna, waɗanda Hausawa ke kira Dakarkari, sun shahara da kayan yumɓun da mata ke ginawa a ɗora kan kabarin manyan mutane, irin su shahararren ɗan kokawa ko maharbi, har masana daga waje sun yi rubutu a kansu. Ko me mutum yake gani game da wannan al'ada ta fuskar addini, shaida ce ta waɗanda suka riga mu zama, kuma a ƙarƙashin kufan da muka sani ana iya samun wanda ya girme shi nesa.

Mu marubuta ba masu tono ba ne, kada ma wani ya ɗauki diga saboda wannan rubutu, domin tonon da ba ilimi ɓarna ne ko da niyya ta yi kyau. Amma matakin farko na binciken, wato tambaya da rubutawa, namu ne. Sunan dutsen da Hausa da kuma harshen mutanen wurin, wane dangi ya sauko daga kansa, a zamanin wane sarki, ina rijiyarsu take, ina maƙerarsu, ina makabartarsu. A rubuta ranar hirar da garin da aka yi ta. Wanda ya ga tsingaro ya ɗauki hotonsa da waya a inda yake, ya ajiye biro a gefensa don a gane girmansa, ya bar shi a nan.