Daga Rairayi Zuwa Kwalta: Tarihin Dokin Hawa da Haƙƙinsa a Kanmu

A watan Disambar 2024 hukumar UNESCO ta sanya Hawan Sallar Kano cikin jerin al'adun da duniya ke alfahari da su. An yi murna, an yaɗa hotunan rawuna da alkyabbu da jalala. Sai dai a cikin masu murnar kaɗan ne suka tambayi halin da dabbar da ke ɗauke da wannan ado take ciki idan hawa ya tashi. Tambayar tana da tushe a tarihi, domin a ƙasar Hausa kula da doki ya taɓa zama muƙami, mai riƙe da shi kuma yana da wanda zai tuhume shi.

Littafin Tarihin Kano ya nuna cewa Sarki Kanajeji, wanda ya yi mulki daga 1390 zuwa 1410, shi ya fara shigo da lifidi da kwalkwali da sulke. Lifidi riga ce mai kauri da ake cusa wa auduga, a sa wa doki da mahayinsa don kibiya kada ta huda su. A zamanin Muhammadu Rumfa, daga 1463 zuwa 1499, aka fara al'adar dawakin zage, wato dawakan da ake ja ba kowa a kansu. Yau muna kallonsu a matsayin ƙawa, amma asalinsu dabarar yaƙi ce: idan dokin sarki ya gaji ko ya ji rauni, sai a sauya masa wani. Fada ta san cewa ƙarfin doki yana da iyaka, ta kuma yi wa iyakar tanadi.

Sarautunmu ma shaida ne. Madaki daga Madawaki ya samo asali, jagoran mayaƙan doki. A Kano akwai Sarkin Dawaki Mai Tuta da Sarkin Dawakin Tsakar Gida, akwai kuma Shamaki, babban bafaden da bargar sarki ke hannunsa. Dalilin wannan tsari shi ne tsada. Ingarman kirki daga Borno ko Azbin ake kawo shi, kuma a kudu ƙudan tsando yana hallaka dawaki, don haka ba a samun madadinsa cikin sauƙi. Mai doki sai ya tanadi dawa da dusa da harawa da kanwa, da yaran da za su yi yankan ciyawa, su share turke, su fita da shi kilisa safe ko yamma don jikinsa ya saki.

Yankin Kazaure ya san wannan sarai. Masarautar ta kafu ne wajen 1819, lokacin da Ɗan Tunku ya ƙi miƙa wuya ga Sarkin Kano Ibrahim Dabo, aka yi ta gwabzawa har Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya amince Kazaure ta tsaya da ƙafarta. Ƙasar da ta miƙe daga Roni da Gwiwa zuwa Babura tana kan hanyar mayaƙan Damagaram, masu kawo hari daga arewa a ƙarni na 19. A irin wannan bakin iyaka, garin da dawakansa suka rame ya buɗe wa abokan gaba ƙofa.

Shekarar 1903 ta rushe wannan lissafi. Turawan Ingila sun ci Kano a watan Fabrairu, suka ci Sakkwato a watan Maris, kuma bindigarsu mai ruwan harsashi ta nuna cewa zamanin mayaƙin doki ya ƙare. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, mota ta biyo baya. Aikin da ya rage wa doki shi ne biki: hawan da aka shirya wa Yariman Ingila a Kano a 1925, wanda aka yi wa Sarauniya Elizabeth a Kaduna a 1956, da na bikin FESTAC a Kaduna a 1977. Ado ya ƙaru, amma larurar da ke tilasta a kula da dabbar ta ragu.

Daga nan abubuwa uku suka sauya. Na farko ƙasar da yake takawa. A al'adarmu ba a cika sa wa doki takalmin ƙarfe ba, domin rairayin da jihar Jigawa ta samo sunanta daga gare shi yana karɓar kofato da taushi. Dokin da ke turke a Kanya Babba har yau yashi ya fi takawa. Kwalta kuwa tana cinye kofato, tana dukan gaɓoɓi, tana da santsi, da rana kuma ta ɗauki zafi. Jahi, wato sukuwar da mahaya ke yi su ja linzami su tsaya cak a gaban sarki, a kan ƙasa aka ƙirƙire ta. Idan aka yi irinta a kwalta da linzaminmu mai tsanani, baki yakan fashe, ƙafa ta zame.

Na biyu mallaka. Dokin fada ya saba da kiɗa da ƙarar bindiga, yana da mai kula da shi. Amma da yawa daga dawakan da ke cika titi a Sallah da hawan angwanci na haya ne. Wanda ya biya kuɗin yini ɗaya ba shi zai yi jinyar gyambon da sirdi ya bari ba, mai dokin kuma yana so ya ba da shi ga mutum na biyu kafin rana ta faɗi. Haka dabbar da ta yi watanni a ɗaure za ta tsinci kanta tana sukuwa tsakanin adaidaita sahu da masu babur. Kalmar kilisa, wadda da take nufin motsa jikin doki don lafiyarsa, yanzu a sanarwar 'yan sandan Kano ta hani aka fi jin ta.

Na uku zafi. Sallah tana matsowa da kimanin kwana 11 kowace shekara, kuma Ƙaramar Sallah ta 2023 da ta 2024 a watan Afrilu suka faɗo, lokacin da zafi ke haura digiri 40. Dokin da ke aiki mai tsanani a irin wannan yanayi yana iya zubar da gumi lita 10 zuwa 15 a awa guda, ga nauyin kayan ado a kansa.

Wasu biranen sun riga mu shiga wannan hali. A New York ta Amurka, azabar da dawakan keken kaya ke sha a titi na cikin abin da ya sa Henry Bergh ya kafa ƙungiyar hana zaluntar dabbobi a 1866. Yau dokar birnin ta hana dawakan da ke jan keken 'yan yawon buɗe ido aiki idan zafi ya kai kimanin digiri 32. Dawakanmu sun fi nasu jure rana, kuma da wannan ma'auni kusan ba za mu yi hawa ba. Abin koyi shi ne sun sa iyaka a rubuce, sun kuma ɗora wa wani alhakin tsare ta.

Mu ma muna da tushen hakan a gida. Masarautun Kazaure da Ringim da sauransu na iya sa kowane hakimi ya gabatar da dawakansa ga likitan dabbobi kafin hawa, a tanadi ruwa da inuwa a inda ake jira, a zuba yashi a filin jahi, a yi rajistar masu ba da haya, a kuma ware wa matasa filin kilisa nesa da titi. Addini ya hana ɗora wa dabba abin da ya fi ƙarfinta, tarihi kuma ya bar mana sunan mai wannan aiki. Abin da ya rage shi ne a mayar wa Shamaki cikakken aikinsa, ikonsa ya wuce bargar sarki ya kai ga duk dokin da zai taka titi da sunan al'ada.