Daga Faifai zuwa Yatsa: Tarihin Koyon Jitar Blues a Abijan

Kiɗan blues ya samo asali ne a tsakanin baƙaƙen fatar kudancin Amurka, musamman yankin kogin Misisipi, a ƙarshen ƙarni na 19. Ginshiƙinsa a kan jita shi ne gajeriyar jimlar kiɗa: 'yan sautuka kaɗan da makaɗi kan jefa bayan mawaƙi ya kai ƙarshen ɗango, tamkar yadda 'yan amshi ke karɓa wa jagora. Galibin jimlolin an gina su a kan matakan sauti biyar, kuma makaɗi kan tura tsirkiya da yatsa har sautinta ya karkata ya yi kama da muryar ɗan Adam. Bahaushe zai iya kwatanta jimlar da take, sai dai take yana nuna wanda ake yi wa kiɗa, ita kuwa tana nuna wanda yake kaɗawa.

Tun farko da kunne ake koyon waɗannan jimloli. Robert Johnson, wanda ya ɗauki waƙoƙi 29 a shekarun 1936 da 1937, ya tashi yana kallon hannun manyansa irin su Son House. B.B. King kuwa ya sha sauraren faifan T-Bone Walker da Lonnie Johnson. Shi da bakinsa ya bayyana cewa karkarwar yatsan da ya shahara da ita ta samu ne daga ƙoƙarin kwaikwayon ɗan'uwansa Bukka White, mai goga ƙarfe a kan tsirkiya. Kwaikwayon bai yiwu ba, sai ya haifar da sabon salo. Wannan ka'ida, wato a kwaikwaya har a sami muryar kai, ita ce ta sake bayyana lokacin da faifan Amurka suka tsallako teku zuwa Afirka ta Yamma.

Ɗaya daga cikin manyan ƙofofin da suka shigo ta ciki ita ce Abijan. Layin dogo daga birnin ya isa Bobo-Dioulasso a 1934, ya kai Wagadugu a 1954. Haƙa mashigin Vridi a 1950 ya ba manyan jiragen ruwa damar shigowa. Daga nan mutanen arewa suka yi ta kwarara: Malinke da Bambara da Mosi da Zabarmawa da Hausawa. Tsarin mulkin mallaka ya keɓe unguwar Plateau ga Turawa, 'yan Afirka suka taru a Treichville ta kudu da Adjamé ta arewa. Treichville ta yi suna da gidajen rawa da ƙungiyoyin makaɗa, Adjamé kuwa da babbar kasuwa da tashar motoci. Sawun Hausawa a birnin bai ɓuya ba, domin ana danganta sunan garba, abincin rogo da soyayyen kifi da talakan Abijan ke ci, da 'yan Nijar masu sayar da shi.

A irin wannan gari, makarantar ɗan koyon jita ita ce dandali da faifai. Yakan fara da riƙe kiɗan baya a ƙungiya, yana satar kallon yatsun babban makaɗi. Ernesto Djédjé, wanda ya fito da salon ziglibithy, ya taɓa kaɗa jita a ƙungiyar Amédée Pierre. Zuwan James Brown Abijan a 1968 ya ƙara wa matasa ƙishirwar kiɗan baƙaƙen Amurka. Sai kaset ya sauƙaƙa aikin. Faifan garmaho yana da tsada, yana kuma lalacewa in aka yawaita mayar da allura baya, amma kaset ana iya juya shi sau da yawa a kan jimla guda har ta zauna a yatsa.

A 1978 mawaƙi Salif Keita da makaɗin jita Kanté Manfila suka baro Bamako da wasu abokansu na ƙungiyar Les Ambassadeurs, suka sauka a Abijan, inda suka ɗauki faifan Mandjou. Manfila ɗan gidan maroƙa ne daga yankin Kankan na Gini, kuma a hannunsa jita takan bi sawun balafon. Ɗaya daga cikin waɗanda suka kaɗa tare da shi a Bamako shi ne Amadou Bagayoko, wanda ya rasa ganinsa tun yana matashi, don haka kunne ne babban malaminsa. Ya sha ambaton John Lee Hooker da Jimi Hendrix cikin waɗanda ya saurara. A 1986 shi da matarsa Mariam Doumbia suka koma Abijan, inda wani mai shirya kaset da aka fi sani da Maikano ya fitar da jerin kaset-kaset ɗinsu na farko. A na farkon babu komai sai jita da murya, kuma a nan ake jin jimlar blues ta zauna daram cikin waƙar Bambara.

Me ya sa ta zauna haka? Ali Farka Touré na Mali, da ya ji faifan Hooker, ya ɗauka cewa kiɗan gida ne ya je Amurka ya dawo. Masanin kiɗa Gerhard Kubik, a littafinsa na 1999 a kan Afirka da blues, ya nuna kamanni tsakanin blues da kiɗan yankin Sudan ta Yamma da ta Tsakiya, har da gogen Hausawa: mawaƙi ɗaya da abin kiɗa mai tsirkiya, matakan sauti biyar, da murya mai lanƙwasa. Duk da haka kama da wane ba ta wane ba ce. Blues ɗan Amurka ne, gonakin auduga da wariyar launin fata da coci suka rene shi. Abin da za a iya tabbatarwa shi ne, kunnen da ya saba da molo da goge da gurmi bai ji jimlar blues a matsayin baƙuwa ba.

Saboda haka makaɗan da suka ratsa Abijan ba su tsaya ga haddar Hooker ko King ba. Sun ɗauki jimlar, sun sauya mata amo da tafiya, sun sa ta amsa waƙa cikin harsunansu. Amadou Bagayoko ya rasu a Bamako a watan Afrilu na 2025, kuma a yau matasa masu koyon jita suna juya jimlolinsa a waya kamar yadda shi ya taɓa juya na Hooker.